RUWAN DA KE CIKIN JIRGI: Tafiya Daga Yelwa Zuwa Wara

Duk baƙon da ya kwana a Yelwa ta ƙasar Yawuri, ya yi sammako zuwa bakin kwata bayan sallar asuba, zai tarar an riga shi. Tun gari bai gama wayewa ba, kafin a ta da inji ko ɗaya, zai ji wata irin ƙara tana tashi daga jiragen da ke ɗaure a gaɓa. Roba ce ke gogar katako, sa'an nan ruwa ya faɗa cikin ruwa, facal, facal, daga wannan jirgi zuwa wancan, har iyakar ganin ido. In ya matsa kusa zai ga yara samari a durƙushe cikin jiragen, wando a naɗe har gwiwa, kowa da yankakkiyar jarka a hannu, suna watsar da ruwan da ya kwana a ciki.

Wannan aiki shi ake kira kwarfa, watau kwashe ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, kamar yadda ake kwarfe kududdufi in za a kama tarwaɗa. Shi ne aiki na farko a kowace safiya, shi ne kuma na ƙarshe da maraice. Ba a yi wa mai yinsa kirari, ba a kuma ba shi sarauta. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Jirgi, akwai matuƙi wanda kowa ya san sunansa a kwata, amma mai kwarfa yawanci ƙaramin yaron jirgi ne wanda fasinja ba ya ko ɗaga kai ya dube shi. Ga shi kuwa rayukan duk waɗanda ke cikin jirgin, bayan ikon Allah, suna rataye da abin da yaron nan ke yi da jarkarsa.

Tafkin da aka yi da hannu

Kafin a shiga maganar kwarfa, ya kamata mai karatu ya san irin ruwan da ake magana a kai. Kogin Kwara ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. A da can, daga Yawuri zuwa Busa kogi ne mai tsibirai da duwatsu da ruwa mai gudu. A nan Gungawa suke zaune a kan gungunansu suna noman albasa da gero, Sarkawa kuma suna su. A duwatsun Busa ne Bature Mungo Park ya halaka a cikin 1806, a cikin wani jirgi da ya harhaɗa da tsofaffin kwale-kwale tun daga Sansandin ta ƙasar Mali. A cikin 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Busa da Yawuri, suka bi kogin har teku, kuma a littafin tafiyarsu sun yi kukan irin jiragen da aka ba su, masu faci da yoyo. Watau dai yoyon jirgi tsohon ciwo ne a wannan kogi.

A cikin 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, faɗinsa kuwa a wani wurin ya kai wajen mil 15. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Wajen mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu aka sake musu matsuguni. Mutanen da suka saba da ƙetare kogi cikin 'yan mintoci da filafili sai suka wayi gari a bakin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa.

Canjin nan ya shafi jirage ƙwarai. Jirgin sassaƙa, wanda ake fafewa daga gungumen itace ɗaya, ya isa kogi, amma bai isa tafki mai igiyar ruwa ba. Sai manyan jiragen katako suka yawaita, waɗanda ake haɗawa da faifan katako da ƙusa, a ɗaura musu inji a baya. Su ne ke ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin Yelwa da Wara da Malale, su ne kuma ke fito a mashigin Zamare da Rofiya. Ga ƙauyuka da yawa na bakin tafkin, jirgi shi ne mota, shi ne motar asibiti, shi ne kuma abin kai amarya.

Akwai wani abu kuma da tafkin ya ɓoye. Lokacin da za a tare ruwan ba duk dajin aka sare ba. Itatuwa da yawa ruwa ya rufe su a tsaye, kututturansu na nan har yau. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa a shekara akwai bambancin wajen ƙafa 30. In ruwa ya ja baya, kututturan nan sukan matso kusa da sama, su tsaya ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya gani.

Ta ina ruwa ke shiga?

Babu jirgin katakon da ba ya shan ruwa, sabo ne ko tsoho. Masu sassaƙa sukan nemi itace mai ƙarfi irin su maɗaci da kawo da loko, ko da yake samunsu ya yi wuya yanzu, har wasu na komawa ga katako mai araha wanda ba ya jimrewa. In an jera katakon an buga ƙusa, sai a cusa auduga ko tsumma a tsakanin haɗin, a shafe da kwalta, wani lokaci a bi da siririn kwano a lulluɓe. Duk da haka ruwa ba ya rasa hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to jirgin katako da tsagarsa ake yinsa.

Halin katako shi ne in ya jiƙa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Saboda haka katakon da ke cikin ruwa kullum yakan kumbura ya matse haɗinsa, yoyo ya ragu. Wanda ke sama kuwa, wanda rana da iskar hunturu ke bugu, yakan tsuke har haɗin ya buɗe, wani lokaci a hango haske ta ciki. Muddin jirgi bai yi nauyi ba, buɗaɗɗen haɗin nan yana sama da ruwa, ba ruwan kowa da shi. Ranar kasuwa in aka lafta kaya jirgi ya zauna, sai haɗin ya nutse, ruwa ya fara tsiyaya ta wuraren da jiya ba sa yoyo. Wannan shi ya sa jirgin da ya kwana lafiya a kwata yakan fara shan ruwa da zarar an yi masa lodi.

Ban da haɗi, akwai ramin ƙusar da ta yi tsatsa ta cinye. Akwai girgizar inji, wadda ke sassauta katakon baya sannu a hankali. Akwai feshin igiyar ruwa da ke tsallako baki in ana iska, da ruwan sama a damina, da ruwan da ke zuba daga taru da kwandunan kifi, da wanda fasinja ke shigowa da shi a ƙafa. Kowane ɗaya kaɗan ne. Amma duk wuri ɗaya suke gangarawa, watau can ƙasa, ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa don a taka, inda mai zaune ba ya gani.

Lissafin da fasinja ba ya yi

Bari a ɗauki misali. A ce jirgi ne mai tsawon ciki ƙafa 40 da faɗi ƙafa 6, ruwa ya kwanta a ƙasansa zurfin inci 2, watau abin da bai wuce faɗin yatsu uku ba. Wanda ya leƙa zai ce ai wannan ba komai. Amma in aka auna, ruwan nan ya kai galan 250, nauyinsa ya ɗara tan 1. Daidai yake da buhu 11 na gero, ko manyan mutane 17 da suka shiga jirgi ba a ƙirga su ba, ba su kuma biya ko kwabo ba. Jirgin da aka ce ya cika da mutum 60, in da wannan ruwa a ƙasansa, lalle nauyin mutum 77 yake ɗauke da shi.

Ga wani lissafin. Huda mai faɗin inci 1, in tana ƙafa 1 ƙarƙashin ruwa, takan shigo da kimanin galan 10 a minti ɗaya. Cikin minti 25 ta kawo galan 250 ɗin nan. Kuma gwargwadon nutsewar huda, gwargwadon ƙarfin shigowar ruwa. Ruwa ya shiga, jirgi ya ƙara zama, huda ta ƙara nutsewa, wani haɗin da ke sama ya shiga ruwa shi ma. Haka abin ke ciyar da kansa. Akwai lokacin da yaro ɗaya da jarka ɗaya zai iya rinjayar yoyon, akwai kuma lokacin da ko mutum biyar ba za su iya ba, tsakanin biyun kuwa wani lokaci 'yan mintoci ne.

Nauyi ma ba shi ne mafi muni ba. Buhun gero in an ajiye shi a tsakiya, nan zai zauna. Ruwa ba ya zama. Da zarar jirgi ya ɗan karkata, ko don igiyar ruwa ta buge shi, ko don matuƙi ya sha kwana, ko don mutum uku sun miƙe a gefe ɗaya, sai ruwan ciki duk ya kwarara ya koma gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Jirgin da ya kamata ya karkata ya dawo sai ya karkata ya tsaya, ko ya dawo da ƙarfi ya wuce ɗaya gefen da ruwan a bayansa. Tsofaffin matuƙa sukan gane wannan ta ƙafafunsu. In suka ji jirgi ya yi nauyin dawowa, kamar mai jin barci, ba sa jiran su leƙa, sai su kira yaro.

Wannan hali na ruwa bai bar manyan jiragen ƙarfe ba. Ran 6 ga watan Maris na 1987 wani babban jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya tashi daga tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam zai tafi Ingila, aka manta ba a rufe ƙofofin goshinsa ba. Ruwa ya hau faffaɗan daɓen da ake jera motoci, ya kwarara gefe guda, cikin ƙasa da minti biyu jirgin ya kwanta. Mutum 193 suka rasu. Abin da ya kayar da wannan ƙaton jirgi shi ne dai ke jiran kwale-kwale a Kainji.

A kan hanyar Wara

Hantsi na yi kwatar Yelwa ta cika. Ga buhunan albasa, ga shinkafa, ga gishiri da sukari da siminti, ga babura ana turawa ta kan katako, ga awaki a ɗaure. Mata masu cinikin kifi suna ciniki da ƙarfi a kan kwandunan warangi da banda ta tarwaɗa da ƙarfasa. A nan ne baƙo mai lura zai iya raba jirgin kirki da wanda ba na kirki ba, tun kafin a kwance igiya. A jirgin kirki, komai yawan kaya, akan bar wani ɗan gurbi a buɗe, yawanci wajen baya kusa da inji, inda ƙasan jirgi ya fi zurfi. Nan ne mazaunin mai kwarfa. Ba a ɗora buhu a nan, ba a zaunar da fasinja. A jirgin da kwaɗayi ya yi wa yawa kuwa, gurbin nan shi ake fara cikewa, don kuɗin buhu biyu.

Ƙasan jirgi ba shimfiɗe yake sumul ba. Akwai katakai da aka gicciya, kamar haƙarƙari, su ke riƙe da jikin jirgin, su ne kuma ke raba ƙasan gida-gida. Gwanin kafinta yakan bar 'yar kafa a ƙarƙashin kowane haƙarƙari don ruwa ya riƙa bi daga gida zuwa gida har ya gangaro gurbin kwarfa. Kafofin nan ƙanana ne, abu kaɗan ke toshe su: ɓawon albasa, ƙaiƙayi, ɓawon kifi, leda, laka. In suka toshe, yaro zai kwarfe gurbinsa ƙaf ya zauna yana hutawa, alhali can gaba ƙarƙashin buhuna ruwa ya kai idon sawu. Don haka yaron da ya san aikinsa yakan ajiye 'yar waya ko tsinke, kafin lodi ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya yana zungurewa.

Daga Yelwa in aka nufi kudu, da fari ruwan kamar kogi yake, gaɓa biyu duk ana gani, da gonakin albasa da masunta a ƙananan jirage suna duba koma. Sannu a hankali sai gaɓa ta ja baya, tafki ya buɗe. Launin ruwan ma yakan faɗi lokacin shekara. Daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba ambaliyar damina ke zuwa da laka, ruwa ya yi fari. Daga wajen Disamba kuwa sai wata ambaliyar ta iso, ta ruwan da ya zuba can Gini, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina a Mali har ya zubar da lakarsa, ya iso nan garau, duhu-duhu. A lokacin hunturu hazo kan rufe tafkin har a rasa gabas da yamma. A farkon damina kuwa hadari kan taso daga gabas ba sallama, iska ta ta da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci.

A irin wannan sa'a ce ake sanin darajar mai kwarfa. Feshi na shigowa ta goshi, mata na salati, matuƙi na roƙon jama'a kowa ya zauna inda yake kada a miƙe. Yaro kuwa kansa a sunkuye, ya kafa gwiwa ɗaya a haƙarƙarin jirgi, hannu na zuwa na dawowa. Ba ya ɗaga jarkar sama ya juye, don wannan gajiya ce da ɓata lokaci. Turo ta yake yi a ƙasa ya watsa gefe da motsi ɗaya, yana kuma lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta maido masa da abin da ya zubar. A da ƙwarya ake amfani da ita, amma ƙwarya na fashewa, kuma bakinta mai zagaye ba ya kwanciya a kan katako. Jarkar man inji da aka yanke a karkace, aka bar mata mariƙinta, bakinta miƙaƙƙe ne, tana sharar ƙasa kamar cebur. Masu hankali sukan ɗaure ta da igiya a jikin jirgi, domin jarkar da ta suɓuce a tsakiyar tafki ba ta dawowa.

Ragowar da jarka ba ta ɗauka

In an isa Wara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka sauke mutane da kaya, sai sashe na biyu na aikin ya fara, wanda shi ne ake yawan rainawa. Jarka na ɗaukar ruwa muddin yana da zurfi. In ya rage kamar kaurin yatsa, sai ta riƙa gogar katako tana fitowa da abin da bai cika kofi ba. A nan malalacin yaro ke ajiye ta. Na kirki kuwa sai ya ɗauko soso, ko yankin tsohuwar katifa, ko tsohon buhu, ya riƙa dannawa a lunguna yana matsewa a waje, har katako ya fito fili.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala, tun da gobe ma ruwan zai dawo? Amfani na farko shi ne sani. Jirgin da aka tsane da maraice, da safe ruwan da aka tarar a ciki shi ne ma'aunin yoyonsa na dare ɗaya. In jiya jarka 10 aka kwasa yau kuma 25, to wani abu ya buɗe, sai a nema tun jirgi na gaɓa. A kan busasshen katako sabon yoyo yakan nuna kansa, a ga ɗan layin danshi yana gangarowa daga haɗin da ya saki, a toshe shi da tsumma da kwalta cikin rabin sa'a. A jirgin da kullum ruwa ke kwance ba a ganin wannan layi. Ruwan jiya ya rufe na yau, sai ranar da abin ya fi ƙarfin jarka.

Na biyu shi ne ruɓa. Ruwan da ya kwanta a lungu, ga zafi, ga rashin iska a ƙarƙashin daɓe, shi ke ruɓar da katako ta ciki, ya kuma cinye ƙusa da tsatsa. Daga waje jirgi na sheƙi da sabon fenti da sunan Allah a rubuce a goshinsa, amma in aka soka wuƙa a gindin haƙarƙari sai ta shige kamar cikin rogo dafaffe. Irin wannan jirgi ne in ya ci karo da kututture, maimakon ya tsage kaɗan, sai ya rabe.

Na uku shi ne dukiya da lafiya. Gishiri da sukari suna narkewa, siminti na daskarewa, albasar da ta jiƙa ba ta kai kasuwar Kudu. Sau da yawa rigimar da ake ji a kwata tsakanin 'yan kasuwa da masu jirgi a kan buhunan ƙasa ne da suka sha ruwa. Jirgin da aka ɗaure kwana da kwanaki da ruwa a ciki kuwa yakan zama gidan sauro a bakin gari. Har wa yau akwai man fetur. In ya zuba wajen ɗura wa inji, yakan yi iyo a kan ruwan ƙasa ya bazu ko'ina, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Guntun taba ɗaya ya isa.

Ana iya tambaya kuma, me zai hana a sa famfo a huta? Lalle akwai ƙananan famfuna masu aiki da batir, har da masu ta da kansu in ruwa ya kai wani matsayi, kuma duk mai babban jirgin da ke da hali ya kamata ya sa. Amma famfo ma yana da iyaka. In ruwa ya yi ƙasa sai ya fara zuƙar iska, in kuma ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo ya komo. Ɓawon albasar da ke toshe kafa shi ma yana toshe shi, batir kuma yakan mutu a ranar da aka fi bukatarsa. Ko a ƙasashen da kowane ƙaramin jirgi ke da famfo, ba a raba shi da bokiti da soso. Manyan jiragen teku kuwa suna da nasu tsari: dokar duniya ta hana su zubar da ruwan ƙasan ɗakin inji sai an tace shi, man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. A Kainji babu matata, saboda haka ya kamata tsumman da aka tsane mai da shi a fita da shi tudu, domin ruwan da ake zubarwa a ciki shi mutanen gaɓa ke sha, a cikinsa kuma kifinsu yake.

Abin da Wara ba ta manta ba

Ba a ambaton jirgi a Wara ba tare da an tuna ran 26 ga watan Mayu na 2021 ba. A ranar ne wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja, ɗauke da fiye da mutum 150, ya rabe ya nutse kafin ya iso. Waɗanda aka tsamo da rai ashirin ne da 'yan kai. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin. A cikin wannan shekara, ran 30 ga watan Nuwamba, wani jirgin ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna komowa daga biki da dare. A farkon watan Oktoba na 2024 aka sake yin wani a Gbajibo ta yankin Mokwa.

Ba za a ce rashin kwarfa ne ya jawo waɗannan ba. Dalilan da aka fi ambata su ne yawan lodi, da tafiyar dare, da kututture, da tsofaffin jirage, da rashin rigar ruwa. Amma wanda ya bi bayanin da ya gabata zai ga inda suka haɗu. Lodi shi ke nutsar da busasshen haɗi, shi ke kuma cike gurbin kwarfa. Dare shi ke hana a ga ruwan da ke hauhawa a ƙasa. Ruɓa ita ke sa karo da kututture ya zama rabewa. Ta kowace ƙofa haɗari ya shigo, a ƙasan jirgi yake fara bayyana.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 take kuma da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Gwamnatoci sun rarraba riguna a wurare da dama, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai rigar ruwa aikinta na farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. Zai kyautu ma'aikatan da ake turawa kwata, da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage, da Sarakunan Ruwa, su ƙara abu ɗaya a kan ƙirga kawuna: a ɗaga katakon daɓe a leƙa ƙasa kafin jirgi ya tashi. A ga ko a tsane yake, ko kafofi a buɗe suke, ko an bar gurbin kwarfa, ko akwai jarka biyu aƙalla da wanda zai riƙe su. Wannan bincike ba ya cin ko naira ɗaya, ba ya kuma wuce minti biyar.

Fasinja ma yana da nasa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda zai shiga jirgi da iyalinsa yana da ikon ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa kafin ya biya kuɗi. In ya ga ruwa na wasa tsakanin katako tun jirgi na gaɓa, ya ga kuma an tula buhuna a inda yaro ya kamata ya durƙusa, to ya haƙura ya jira na baya, ko da kasuwa za ta fara watsewa. In kuma aka roƙe shi a tsakiyar ruwa ya ɗan gusa don a ba mai kwarfa wuri, kada ya ga yaro ne ya tsaya gardama.

Da la'asar sakaliya jiragen da suka je kasuwa sukan fara komowa Yelwa ɗaya bayan ɗaya, a kashe inji, a ɗaure igiya. Fasinja su watse, matuƙi ya tafi lissafin kuɗi da mai jirgi. Yaran su ke saura a kwata, a durƙushe, da soso a hannu, har a kira magariba. Allah Ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, amin.